Jimillar kuɗin mallaka: lissafin da ake yi kafin a sayo na'urar aji

Duk wanda ya taɓa zama a taron sayo wa makaranta na'urorin koyarwa ya san yadda zancen ke tafiya. Dillali ya kunna allo, ya ja yatsa, taswirar duniya ta buɗe, kowa ya gyaɗa kai. Sai shugaban makaranta ya ce, "Nawa ne?" Sau da yawa daga wannan tambaya ba a ƙara wata. Jimillar kuɗin mallaka lafazi ne da aka samar don kada zancen ya tsaya a nan. A takardun 'yan kasuwa za ka gan shi da haruffa uku, TCO, kuma kamfanin bincike na Gartner ne ya yayata shi a shekarun 1980, lokacin da ofisoshi suka lura cewa kwamfutar da ke kan tebur tana ci gaba da cin kuɗi shekara da shekaru bayan an biya kuɗinta.

Ma'anarsa ita ce duk abin da na'ura za ta ci, tun daga ranar da aka yanke shawarar sayenta har ranar da aka fitar da ita daga makaranta. Akwai kuɗin saye, wanda ke rubuce a takardar dillali. Akwai kuma kuɗin riƙo, wanda ba ya cikin takardar, kuma shi ne ke kashe yawancin shirye-shirye.

Ɗauki allon zamani da ake taɓawa da hannu. Kafin ya yi aikin minti ɗaya sai an kafa shi a bango, an ja masa waya, an tanadi wutar da ba za ta ɗauke ana tsakiyar darasi ba. Idan da furojekta yake aiki, ƙwan furojektar yana da adadin sa'o'in da zai yi ya mutu. Idan ƙananan kwamfutocin hannu ne aka raba wa yara, batir zai yi sanyi bayan 'yan shekaru, gilashi zai fashe, caja za ta ɓata, kuma dole a sami inda za a jona guda talatin ko arba'in kowane dare. Manhajar da ke ciki ma galibi haya ake yi, ana sabunta lasisi duk shekara bisa yawan ɗalibai. Sannan ga mutumin da za a kira idan abu ya ƙi kunnuwa da safe. In babu shi, malamin da ya fi kowa iya kwamfuta ne zai riƙa barin ajinsa yana zagaya na wasu.

Birnin Los Angeles na Amurka ya nuna girman wannan ɓangare. A 2013 hukumar makarantun birnin ta fara shirin ba kowane ɗalibi iPad, aka ƙiyasta zai ci kusan dala biliyan 1.3. Fiye da rabin kuɗin na gyaran hanyoyin intanet ne a cikin gine-ginen makarantu, na'urorin da darussansu kuwa suka ɗauki ragowar. Cikin makonnin farko ɗalibai suka gano yadda ake cire shingen tsaron da aka sa, darussan da aka saya ba su kammala ba, a 2014 aka dakatar da kwangilar.

Akwai kuma abin da ba a cika tunawa ba: na'ura tana iya mutuwa alhali jikinta lafiya lau. Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, kuma kwamfutoci da yawa da ke aiki daram ba su cika sharuɗɗan hawa Windows 11 ba. Kowace Chromebook, wato kwamfutar tafi-da-gidanka mai aiki da manhajar Google, ita ma tana da ranar da za a daina aiko mata da sabuntawa, ko da yake Google ya tsawaita wa'adin zuwa shekara 10. Rahoton UNESCO na 2023 kan fasaha a harkar ilimi ya ce kayan fasahar koyarwa suna canzawa a matsakaici duk wata 36. Saboda haka mai lissafi ba ya tambayar shekara nawa ƙarfen zai yi kawai, yana tambayar shekara nawa kamfanin ya yi alkawarin tsayawa a bayansa.

Ni dai abin da ya fi damuna shi ne lokacin malami, domin ba wanda ke rubuta masa rasit. Na taɓa zama a bayan wani aji ina kallon darasin minti 40. Yara suka buɗe na'urori, biyu ba su da caji, yarinya ɗaya ta manta kalmar sirrinta ta ɗaga hannu tana jira, intanet kuma yana jan ƙafa. Malamar tana bi layi-layi tana dannawa, kafin kowa ya kai shafin da ake so an ci kusan kwata na lokacin. Ba laifinta ba ne, horon yini ɗaya aka ba ta. Idan haka ke faruwa kullum, a ƙarshen zango an rasa darussa masu yawa, kuma yara ne suka biya. Lissafin da bai sa horon malamai da waɗannan mintoci a ciki ba bai cika ba.

Bayan an tara jimillar, sai a raba ta da amfanin da aka yi na gaske. Rahoton UNESCO ɗin ya ce a Amurka kusan kashi biyu cikin uku na lasisin manhajojin ilimi da aka biya ba a yi amfani da su ba. Na'ura mai araha da ke kwana a kabad ta fi mai tsadar da ake kunnawa kullum tsada, in aka auna da sa'o'in koyarwa. Hausawa sun ce sayen nagari mayar da kuɗi gida, amma a aji nagari shi ne wanda malamai za su ɗauka da kansu ba tare da an tsaya a kansu ba.

Sai dai wannan lissafi yana da iyaka. Yana faɗa maka abin da za ka kashe, ba ya faɗa maka ko yara za su koyi wani abu. Shirin kwamfuta ɗaya ga kowane yaro, wanda masanin fasaha ɗan Amurka Nicholas Negroponte ya sanar a 2005 da alkawarin kwamfutar dala 100, ya ƙare da farashin da ya kusa ninka haka. A ƙasar Peru, inda aka raba waɗannan kwamfutocin, binciken da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar a 2012 kan makarantun karkara 319 ya nuna yara sun iya sarrafa kwamfutar, amma bayan wata 15 makinsu a lissafi da harshe bai ƙaru ba. A birnin Delhi na Indiya kuwa, manhajar Mindspark, wadda ke ba kowane yaro aiki daidai da matakin da yake, ta ɗaga makin lissafi da na harshen Hindi cikin wata huɗu da rabi. Can an raba na'ura ne, nan kuwa an fara da matsala takamaimai, wato yaran da aji ya bari a baya.

Shi ya sa ake haɗa lissafin da gwaji na zango ɗaya a aji biyu ko uku kafin a saya wa makaranta duka. Kada a ba malamin da dama yake son na'ura, a ba wanda ke ɗari-ɗari da ita. A rubuta sau nawa aka kunna, sau nawa ta ƙi, wa aka kira, kwana nawa aka jira gyara. A auna yaran kafin a fara da kuma bayan an gama, a gwada su da wani ajin da bai samu ba.

Ko kyauta aka kawo na'urorin, lissafin bai canza ba, layin farko, wato kuɗin saye, kawai aka goge. Manhajar kyauta kuma a duba me take kwasa: a 2022 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta binciki manhajoji da shafukan karatu 163 da gwamnatoci suka amince da su lokacin annobar korona, ta samu kashi 89 cikin 100 suna iya bin diddigin yara ko tattara bayanansu. Kafin a sa hannu, a tambayi mai bayarwa wa zai biya lasisin shekara ta biyu, ina bayanan ɗalibai ke zuwa, kuma idan makaranta ta fasa, za ta iya kwashe ayyukan yaranta ta tafi da su?