Ilimi na musamman a gundumomin makarantun Amurka

Ilimi na musamman shi ne tanadin da gundumomin makarantun gwamnati a Amurka ke yi wa yara masu nakasa, a wasu jihohin kuma har da yara masu baiwa. Gunduma ce ke ɗaukar malamai da tafiyar da makarantu, amma haƙƙin yaro mai nakasa dokar tarayya ce ta kafa shi.

Tarihi

Kafin shekarun 1970 makarantu da dama suna da ikon mayar da makaho, ko kurma, ko mai taɓin ƙwaƙwalwa gida, a ce ba zai karantu ba. Iyaye ne suka fara kai ƙara. Shari'o'i biyu, ɗaya a Pennsylvania ɗaya a birnin Washington, waɗanda aka kammala wajen 1972, sun tabbatar da cewa ba a korar yaro daga makaranta saboda nakasarsa. Majalisar Dokoki, wadda ta ƙiyasta cewa yara kimanin miliyan ɗaya ba sa zuwa makaranta sam, ta zartar da doka, Shugaba Gerald Ford ya sa mata hannu a Nuwamban 1975. A 1990 aka sauya mata suna zuwa IDEA, wato dokar ilimin masu nakasa.

Shari'ar Amy Rowley ta 1982 ita ce ta fara gwada iyakar dokar. Yarinya ce kurma a jihar New York, tana gane magana ta kallon leɓe, amma abu mai yawa yana wuce ta a aji, iyayenta suka nemi a ba ta tafintar maganar hannu. Kotun Ƙoli ta ƙi, bisa hujjar cewa tana cin jarabawa tana wucewa aji na gaba. Wannan hukunci ya bar iyaye da ƙaramin makami na tsawon shekaru, sai a 2017 kotun ta ce wajibi ne shirin karatun da aka tsara wa yaro ya kai shi ga ci gaban da ya dace da halinsa.

Yadda ake aiki

Kowane yaro daga shekara 3 zuwa 21 da aka tantance ana rubuta masa tsarin karatu nasa shi kaɗai. Iyaye da malamai da wakilin gunduma ke zama su tsara shi, a sake dubawa duk shekara, kuma ba a biyan ko sisi. Dokar ta fi son a bar yaro cikin 'yan ajinsa gwargwadon iko. Gwamnatin tarayya ta yi alkawarin tallafi ga kowane yaro mai nakasa har kashi 40 cikin ɗari na matsakaicin kuɗin da ake kashewa kan ɗalibi ɗaya, ba ta taɓa cika shi ba.

Yara masu baiwa

Babu dokar tarayya da ta wajabta yi musu tanadi. Dokar Javits ta 1988 bincike da gwaji kawai take tallafawa, saura kuwa yana hannun jihohi. Ana taƙaddama kan ƙarancin baƙaƙen fata da 'ya'yan talakawa a azuzuwan masu baiwa.