Ba Narkakken Ƙarfe Ake Shafa wa Tabarau Mai Ƙyalli Ba

An daɗe ana zaton ƙyallin da ke jikin tabarau mai kama da madubi, ko a kan faifan CD, fenti ne aka fesa, ko kuma an tsoma robar ce cikin narkakken ƙarfe. Duka biyun kuskure ne, na biyun ma ba ya yiwuwa, domin alminiyam, ɗaya daga cikin ƙarafan da ake yin wannan ƙyalli da su, ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 660 a ma'aunin Salshiyos, alhali robar polikabonet da ake yin waɗannan kaya da ita tana fara laushi tun kusan digiri 150.

Abin da ake yi shi ne a sanya robar cikin wani rufaffen akwati da aka zuƙe iskar cikinsa, sannan a mayar da ƙarfen tururi, ko dai ta hanyar zafafa shi, ko ta hanyar harbinsa da ƙwayoyin iskar argon har ƙwayoyin zarrarsa su tarwatse. Da yake babu iskar da za ta tare su, sai su isa jikin robar su daskare kaɗan-kaɗan, ba tare da ta yi zafin da zai lanƙwasa ta ba.

Kaurin wannan shimfiɗa ana auna shi ne da nanomita, wato kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. Idan ta yi siriri sosai, wani ɓangare na haske yana ratsa ta, shi ya sa 'yan sama jannati ke gani ta gilashin hularsu mai rufin zinariya. Rauninta kuwa shi ne saurin karcewa, don haka ake ɗora mata wani rufi na kariya.