Furen Marigol

Marigol suna ne da tsirrai biyu suke amsawa, kuma ana yawan rikita su. Na farko shi ne Tagetes, ɗan asalin Meziko da Amurka ta Tsakiya, wanda ake gani a gidajen sayar da furanni a Bauchi da Gombe, mai fure ruwan ɗorawa ko ruwan goro da ganye mai ƙarfin wari. Na biyu Calendula officinalis ne, daga kudancin Turai. Shi ake sa wa a man shafawa na ƙananan raunuka da kumburin fata, amma ba ya jure zafi, don haka a nan sai da sanyin hunturu yake yin kyau.

Tagetes ba shi da wuyar shuka. Irinsa kan tsiro cikin mako guda, ya yi fure bayan mako 6 zuwa 8. Ana barin tazarar santimita 25 zuwa 30. Yawan takin zamani yana sa shi ya yi ganye ya ƙi fure, kwanciyar ruwa a watan Agusta kuma tana ruɓar da saiwarsa, shi ya sa kan kunya ya fi masa.

Babban amfaninsa ga mai lambu a ƙarƙashin ƙasa yake. Saiwarsa tana fitar da sinadarin da ke rage ƙananan tsutsotsin da ke sa saiwar tumatir da kuɓewa ta yi ƙululu, abin da masu noman rani, irin na Dadin Kowa, ya kamata su lura da shi. Sai dai tsiro biyu ko uku a bakin fili ba ya wadatarwa. Dole a cika wurin da shi, ya yi wata 2 zuwa 3, sannan a dasa tumatir.

A girki, ganyayyakin furen Tagetes kawai ake tsinkewa, a yar da gindinsu saboda ɗaci. A shanya a inuwa, domin rana tana kashe launin, a daka, a zuba ƙaramin cokali ɗaya a tukunyar shinkafa. Mutanen ƙasar Jojiya sun daɗe suna amfani da wannan gari a miyarsu. Sinadarin lutin da ke cikin furen ne ake haɗawa a abincin kaji don gwaiduwar ƙwai ta yi launi.

Furen da aka yi wa feshin maganin ƙwari ba na ci ba ne. Ruwan ganyen Tagetes yana sa wasu ƙaiƙayi, kuma mai juna biyu ta guji shan Tagetes ko Calendula a matsayin magani.