Kumburin Fankiriyas da Matakansa

Kumburin fankiriyas cuta ce da ke kama wata doguwar gaɓa da ke kwance a bayan tumbi, wadda ke samar da ruwan narkar da abinci da kuma sinadarin insulin mai daidaita sukarin jini. A lafiyayyen jiki, wannan ruwa ba ya fara aiki sai ya isa ƙaramin hanji. Idan ya fara tun yana cikin gaɓar, sai ya shiga cin ta ita kanta. Tsakuwar matsarmama da yawan shan barasa ne kan gaba wajen jawo haka.

Nau'in da ke zuwa farat ɗaya yana farawa da ciwo mai tsanani a saman ciki wanda ke ratsawa zuwa baya, tare da amai. Mara lafiya yakan zauna ya duƙa gaba, ya rungume gwiwoyinsa, domin kwanciya rigingine azaba take ƙara masa.

Tsarin Atlanta, wato ma'aunin da likitoci ke bi wajen rarraba wannan cuta, wanda aka sabunta a 2012, ya raba tafiyar cutar gida biyu. A makon farko, abin tsoro shi ne kumburin ya game jiki har huhu, ƙoda ko zuciya su gaza. Da wannan ake auna tsanani. Idan babu gaɓar da ta gaza kuma babu wata matsala a ciki, cutar mai sauƙi ce, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na masu ita a nan suke tsayawa, su warke cikin 'yan kwanaki. Idan gazawar ta wuce kafin awa 48, matsakaiciya ce. Idan ta zarce awa 48, ta zama mai tsanani, sai ɗakin kulawa ta musamman.

Bayan makon farko, hankali yana komawa kan fankiriyas ɗin kanta. Ruwa kan taru a kewayenta, wani sashe nata kan mutu. Bayan kamar mako huɗu sai jiki ya yi wa tarin ruwan ko mataccen naman ɓawo ya killace shi. Mafi haɗari a wannan mataki shi ne ƙwayoyin cuta su shiga mataccen naman, zazzaɓi ya dawo bayan an ɗauka an samu sauƙi.

Idan kumburin ya riƙa sake tashi, yakan bar tabo, kuma tabon fankiriyas ba ya komawa nama. Ta haka cutar kan zama daɗaɗɗiya, musamman ga wanda bai bar barasa da taba ba. Gaɓar takan ƙanƙance, tsakuwa ta toshe hanyoyinta, ciwo ya riƙa tafiya yana dawowa. Gaɓar tana da juriya sosai, shi ya sa ake makara: sai ta rasa kusan kashi 90 cikin 100 na aikinta kafin bayan gida ya koma mai maiƙo da ɗoyi, yana yawo a saman ruwa, mutum yana ci yana ramewa. Idan ɓarnar ta kai ga ƙwayoyin da ke yin insulin, ciwon sukari ya biyo baya, kuma haɗarin kamuwa da kansar fankiriyas yana ƙaruwa.