Ƙaurar dabbobi

A ilimin halittu, ƙaura ita ce tashin dabbobi daga mazauninsu zuwa wani wuri mai nisa a wani lokaci sananne na shekara, domin neman abinci ko wurin haihuwa, ko don gudun sanyi da fari. Tsuntsaye ne suka fi shahara da ita, amma kifaye da ƙwari da namun daji ma suna yi. Yawon kiwo na yau da kullum ba ya cikinta. Masana sun yi saɓani kan ko sai dabbar ta dawo inda ta baro kafin a kira tafiyarta ƙaura.

Tarihin bincike

Mutanen da sun daɗe suna ganin tsuntsaye na ɓacewa ba tare da sun san inda suke nufa ba. Aristotle, masanin Girka na ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ɗauka cewa tsattsewa ɓuya take yi a rami har sanyi ya wuce, wasu tsuntsayen kuma rikiɗa suke yi su zama wani iri. Har cikin ƙarni na 18 akwai masana a Turai da ke cewa tsattsewa na nutsewa cikin laka a ƙasan tafki ta yi hunturu a can.

A 1822 aka harbo wata farar shamuwa kusa da garin Klütz a arewacin Jamus, aka tarar da mashi cake a wuyanta, irin na tsakiyar Afirka. Da shi ta tsallake Sahara ta isa Turai. Har yau tana ajiye a Jami'ar Rostock, mashin na nan a wuyanta.

Bincike na tsari ya soma ne a 1899, lokacin da wani malamin makaranta ɗan ƙasar Denmark, Hans Christian Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye zoben ƙarfe mara nauyi a ƙafa, da lamba da adireshi a jiki, duk wanda ya tsinci tsuntsun ya aiko da labari. Wajen 1950 wani masanin tsuntsaye ɗan Jamus, Gustav Kramer, ya nuna cewa wasu tsuntsaye da rana suke gane alƙibla. Daga baya aka gano suna amfani da taurari da maganaɗisun ƙasa. Yanzu ƙananan na'urori ake liƙa musu. Da irinsu aka bi wani tsuntsun bakin ruwa a 2022 ya tashi daga Alaska ta Amurka zuwa tsibirin Tasmaniya na Ostireliya, sama da kilomita 13,000, cikin kwana 11 bai sauka ba.

A Afirka

Shamuwar da manoman ƙasar Hausa ke ɗaukar zuwanta alamar damina ta kusa wani iri ce daban da farar shamuwa, kuma ba ta barin nahiyar. Tana yin sheƙa a kan bishiyoyin cikin gari a yankin Sahel, ta ƙyanƙyashe, in ruwa ya ɗauke ta nufi gabashi da kudancin Afirka, inda damina ke sauka a lokacin. Fadamun Hadeja da Nguru da Tafkin Chadi kuwa masaukin agwagin ruwa ne da sauran tsuntsayen da ke gudo wa sanyin Turai. A Serengeti ta Tanzaniya da Masai Mara ta Kenya, garken namun daji sama da miliyan ɗaya, har da jakunan dawa, na kewayawa kowace shekara suna bin sabuwar ciyawa.

Kariya

A 1979 aka sanya hannu a birnin Bonn kan yarjejeniyar kare dabbobi masu ƙaura.