Diyonisus da Addinan Asiri na Tsohuwar Girka

Diyonisus, wanda Romawa suka fi sani da Bakus, yana cikin manyan abubuwan bautar tsoffin Girkawa. A wurinsu shi ne mai kurangar inabi da giyar da ake yi da ita, shi ne mai fitar da mutum daga hayyacinsa, kuma a bukukuwansa ne wasan kwaikwayo na dandali ya kafu a birnin Atina. Ban da bautarsa ta fili wadda hukuma ke ɗaukar nauyi, akwai ƙungiyoyi masu shigar da mutum cikin asirinsa, suna yi masa alkawarin kyakkyawar makoma bayan mutuwa. Waɗanda suka shiga asirin sun kama bakinsu. Waɗanda suka yi dogon bayani a kansa kuwa, ko dai mawaƙa ne ko abokan gaba, shi ya sa masana ke auna maganarsu da abin da aka haƙo a kaburbura da rubutun da aka sassaƙa a duwatsu.

Asalinsa

An daɗe ana ɗauka cewa baƙo ne da ya shigo Girka daga baya, daga Tirakiya ko Firijiya, domin tatsuniyoyinsa kullum suna nuna shi yana isowa daga nesa ana ƙin karɓarsa. Wannan ra'ayi ya rushe bayan da Michael Ventris ya warware Linear B, wani tsohon rubutun Girkanci, a 1952. An ga sunan Diyonisus a allunan yumɓu na Filos da na Kaniya a tsibirin Kirit, waɗanda aka rubuta tun ƙarni na 13 kafin Miladiyya. Allon Kaniya ma ya ambaci zumar da aka kai masa tare da Ziyus, babban abin bautar Girkawa. Ashe baƙuntarsa hali ne da tatsuniya ta ba shi, amma shi tsohon ɗan gida ne.

Tatsuniyar ta ce Ziyus ne ubansa, uwarsa kuma Semele 'yar Kadmus sarkin Tibis. Hera, matar Ziyus, ta zuga Semele saboda kishi ta nemi ya bayyana mata a ainihin kamanninsa. Da ya bayyana sai aradu ta ƙone ta. Ziyus ya ciro ɗan tayin ya ɗinke shi a cinyarsa har watanninsa suka cika, don haka ake yi masa kirari da wanda aka haifa sau biyu. A zane ana gane shi da kambin ganyen kisos, wani tsiro mai yaɗo da ba ya bushewa ko da hunturu, da ƙoƙon sha mai hannu biyu, da damisa, da sandar tirsos wadda ake yi da wani dogon tsiro mai totuwa a ciki kamar karan dawa.

Giya da bukukuwan Atina

Tsoffin Girkawa ba sa shan giya tsagwaronta. Ana sirka ta da ruwa a babbar tukunya, sau da yawa kashi uku na ruwa da ɗaya na giya, ko biyu da ɗaya. Rabi da rabi ma ana ganin ya yi ƙarfi. Akwai labarin da ke koyar da wannan: Diyonisus ya koya wa Ikariyos yin giya, shi kuma ya ba makiyaya, suka sha ba sirki, da ta juya musu kai suka zaci guba ya ba su, suka kashe shi.

Bikin Antesteriya kwana uku ne a ƙarshen hunturu, wajen Fabrairu zuwa Maris. Ranar farko ake buɗe tulunan sabuwar giya. Rana ta biyu ake gasar sha mai ban mamaki: kowa da tulunsa mai cin kimanin lita uku, kowa ya zauna shi kaɗai, ba mai cewa uffan, a busa ƙaho sannan a fara. A ranar ce kaɗai a duk shekara ake buɗe tsohon ɗakin bautarsa na Limnai, kuma a lokacin bikin ake ɗaura wa matar babban jami'in addini na birnin aure da shi, mata goma sha huɗu na taya ta hidima. An yi imani fatalwowi na yawo a gari a kwanakin, sai mutane su shafa kwalta a ƙofofinsu. Rana ta uku ake dafa hatsi iri-iri a tukwane saboda matattu. Tun daga nan ana ganin yadda giya da mutuwa suka haɗu a bautarsa.

Babban Diyonisiya kuwa ana yin sa wajen Maris zuwa Afrilu, lokacin da tafiyar teku ta buɗe baƙi suka cika gari. An ce a wajen 534 kafin Miladiyya aka fara gasar wasannin ban tausayi, Tesfis ya yi nasara. A ƙarni na 5 tsarin ya daidaita: marubuta uku, kowanne ya kawo wasannin ban tausayi uku da ɗaya na raha. Wasan barkwanci ya shiga gasar a 486. Kowace daga cikin ƙabilu goma na Atina tana fitar da ƙungiyar mawaƙa biyu, manya hamsin da yara hamsin, wato mutum dubu ke nan a waƙar yabonsa kawai. Attajirai ake ɗora wa kuɗin horar da mawaƙan, alƙalan gasa kuma da ƙuri'a ake zaɓensu. 'Yan wasa duk maza ne, suna sanye da fuskokin aro.

Matan da ke hawa dutse

Abin da ya fi fita a labarinsa shi ne mainadai, mata masu barin gida su hau duwatsu sanye da fatar ɗan barewa, gashi a sake, suna rawa da kiɗan ganga da busa har su fita hayyacinsu. Wasan Yurifidis mai suna Bakai, wanda aka nuna wajen 405 kafin Miladiyya bayan rasuwar marubucin, shi ya kafa wannan hoto: sarki Fentiyus na Tibis ya hana bautar, matan suka yayyaga shi da hannu, uwarsa na gaba.

Ba daidai ba ne a ɗauki wasan a matsayin rahoton abin da ake yi. Matan dai sun wanzu, kuma sukan hau dutse sau ɗaya a shekara biyu, cikin tsananin sanyi. Fulutak, wani marubuci Bagirke, ya ba da labarin lokacin da ƙanƙara ta tsare wasunsu a kan dutsen Farnasus har aka hau ceto su. Amma wata doka da aka sassaƙa a Militus a shekarar 276 kafin Miladiyya ta nuna abu mai tsari ne: ba wanda zai ajiye ɗanyen naman hadaya kafin shugabar bautar ta ajiye a madadin gari, kuma duk macen da ke son shigar da wasu cikin asirin sai ta biya shugabar kuɗi duk shekara biyu. Muƙamin ma sayar da shi hukuma ke yi. Wasu masana na ƙarni na 20 sun kwatanta wannan rawa da bori na ƙasar Hausa da zar na Habasha da Sudan, ta fuskar kiɗa da hawan iska da yawan mata a ciki. Kwatanci ne na fahimta, ba wata alaƙa ta tarihi tsakaninsu.

Addinan asiri

Addinin asiri a Girka ba ya hana mutum bautar garinsu. Ƙari ne da mutum ke zaɓa da kansa. Mafi shahara shi ne na Ilusis, kimanin kilomita 20 daga Atina, na Dimita, abar bautar hatsi, da 'yarta Fasifoni, sarauniyar duniyar matattu. Kowa na iya shiga, mace ko namiji, ɗa ko bawa, muddin yana jin Girkanci kuma bai zubar da jini ba. Wajen Satumba zuwa Oktoba masu neman shiga kan yi wanka a teku tare da ɗan aladen da za su yanka, su yi tattaki daga Atina zuwa Ilusis suna kiran sunan Iyakos, wanda aka riƙa ɗauka Diyonisus ne, su yi azumi, su buɗe baki da wani abin sha na sha'ir da ruwa da ganye mai ƙamshi, sannan su shiga babban zauren da dare. Hukuncin tona abin da ke faruwa ciki kisa ne. A 415 kafin Miladiyya aka yanke wa Alkibiyadis, babban kwamandan yaƙi, hukuncin kisa a bayan idonsa bisa zargin kwaikwayon asirin a wurin liyafar shaye-shaye a wani gida.

Asirin Diyonisus ba shi da cibiya irin wannan. Masu shigarwar yawo suke gari-gari da littattafansu, waɗanda sukan jingina wa mawaƙin tatsuniya Ofiyus. Aflatun ya soke su da cewa suna bin ƙofofin masu kuɗi suna sayar da tsarkakewa. Sarki Batlamiyus na huɗu na Masar ya umarce su duka su sauko Iskandariya su yi rajista, kowa ya faɗi daga wa ya karɓi asirin har zuwa kaka na uku, ya kuma miƙa littafinsa a rufe da hatimi.

Shaida mafi daraja ita ce 'yan fallayen zinariya da aka samu a kaburbura a kudancin Italiya da Tasaliya da Kirit, wasunsu ba su kai faɗin tafin hannu ba, an ɗora su a ƙirjin mamaci ko a bakinsa. Wanda aka samu a Hifoniyon a 1969, a kabarin wata mace ta wajen shekara 400 kafin Miladiyya, kwatancen hanya ne. Yana gaya mata za ta ga maɓuɓɓuga kusa da wata farar bishiya inda rayuka ke sha, kada ta kusance ta. Ta wuce gaba zuwa Tafkin Tunawa, inda masu gadi za su tambaye ta, ta ce ita 'yar Ƙasa ce da Sama mai taurari, ƙishirwa na kashe ta. Idan ta sha sai ta bi hanyar da sauran waɗanda aka shigar suka bi. Biyu da aka samu a Felina a 1985, an yanka su da siffar ganyen kisos, suna umartar mamaciyar ta gaya wa Fasifoni cewa Bakus da kansa ya 'yanta ta.

Daga me ya 'yanta ta? A nan masana suka rabu. Akwai tatsuniyar cewa Titanawa, wasu tsoffin abubuwan bauta, sun yaudari Diyonisus yana jariri da kayan wasa da madubi, suka yayyanka shi suka ci, Ziyus ya ƙone su da aradu, daga tokarsu aka yi 'yan Adam, don haka mutum na ɗauke da laifin gado. Sai dai cikakken labarin da ya haɗa da halittar mutum bai bayyana a rubuce ba sai a ƙarni na 6 Miladiyya, wurin masanin falsafa Olimfiyodorus. Wasu na ganin tsohon abu ne da fallayen ke nuni gare shi, wasu na ganin haɗin baya ne.

Roma, shekarar 186 kafin Miladiyya

A wannan shekara Majalisar Dattawan Roma ta murƙushe ƙungiyoyin Bakus. Marubucin tarihi Libi, wanda ya rubuta labarin bayan fiye da shekara 150, ya ce wata 'yantacciyar baiwa, Hisfala, ta tona wa shugaba Fostumiyus cewa an mayar da bikin na dare, sau biyar a wata, maza da mata a cakuɗe, ana lalata da kisa da jabun wasiyya. Ya ce an zargi fiye da mutum 7,000, kuma waɗanda aka kashe sun fi waɗanda aka ɗaure yawa. Ita dokar kanta tana nan a kan allon tagulla da aka samu a Tiriyolo ta kudancin Italiya a 1640, yanzu yana Biyana ta ƙasar Ostiriya, kuma ba ta ambaci lalata ba. Abin da ta hana shi ne baitulmali na ƙungiya, da rantsuwar haɗin kai, da namiji ya zama shugaban bauta, da taron da ya wuce mutum biyar, maza biyu mata uku, sai da izinin babban alƙalin birni da amincewar majalisa a zaman da aƙalla dattawa ɗari suka halarta. Tsoron hukuma a bayyane yake: ƙungiya mai kuɗinta da shugabanninta da ba ta ƙarƙashin ikonta.

Bautar ba ta mutu ba. A wani gida a bakin Fomfe, garin da dutsen Besubiyus ya binne a shekara ta 79 Miladiyya, akwai ɗaki mai zanen bango a kan jan fenti: yaro na karanta naɗaɗɗiyar takarda, mace na yaye mayafin kwandon sheƙe hatsi, wata mai fukafukai ta ɗaga bulala a kan wata da ta durƙusa, amarya na gyaran gashi. Wasu na karanta shi a matsayin matakan shigarwa, wasu shirin aure. A Atina ta ƙarni na 2 Miladiyya kuwa, dokokin wata ƙungiyar Bakus sun koma maganar kuɗin shiga, dinari 50, ɗan mamba ya biya rabi, da tarar wanda ya yi faɗa ko ya zauna a wurin wani.

Tasirinsa daga baya

Sarki Tiyodosiyus ya haramta bautar gumaka a 391 zuwa 392, Ilusis kuma ta rushe bayan harin Alarik, sarkin Gotawa, a 396. Duk da haka a ƙarni na 5 Nonus, mutumin Fanofolis a Masar, ya tsara waƙar Diyonisus mai littafi 48, mafi tsawon waƙar Girkanci da ta rage daga zamanin da, kuma shi ne ya mayar da Linjilar Yohanna waƙa. Har a 692 sai da majalisar limaman Kirista a Kustantiniya ta hana masu matse inabi kiran sunan Diyonisus da sanya fuskokin wasan kwaikwayo. A farkon ƙarni na 20 wasu masana sun yi iƙirarin cewa Kiristanci ya aro ibadunsa daga addinan asiri. Yawancin masu bincike na yau suna taka-tsantsan da wannan, suna ganin an fi aron kalmomi da siffofin zane.

Masu zane na Italiya sun dawo da shi: Michelangelo ya sassaƙa shi a 1496 zuwa 1497, Titian ya zana shi da matarsa Ariyadni a 1520 zuwa 1523. A 1872 Nietzsche, masanin falsafa na Jamus, ya mai da shi alamar maye da rushewar iyakar mutum, kishiyar Afolo, abin bauta mai tsari da natsuwa, rabon da ya yi tasiri ƙwarai a adabin Turai ko da yake tsoffin Girkawa a Dalfi wuri ɗaya suka bauta wa su biyun. A 1973 Wole Soyinka ya sake rubuta wasan Yurifidis don gidan wasan kwaikwayo na ƙasa a Landan, inda ya ƙara ƙungiyar bayi cikin mawaƙa, ya kuma kusanta Diyonisus da Ogun na Yarbawa.