Likitocin Mishan da Shigar Likitancin Zamani Ƙasar Sin

Likitocin mishan su ne likitocin da ƙungiyoyin Kirista na Turai da Amurka suka riƙa turawa ƙasar Sin tun daga shekarun 1830 har zuwa farkon shekarun 1950, domin su yi magani su kuma yi wa'azi. Wa'azin bai jawo mabiya da yawa ba. Abin da ya zauna da gindinsa shi ne tiyata, da tsarin asibiti, da makarantun koyon likita.

Mafarin abin shi ne asibitin ido da Peter Parker, Ba'amurke, ya buɗe a birnin Kanton, wato Guangzhou ta yau, a watan Nuwamban 1835. Zaɓen ido da ya yi dabara ce. Sinawa suna da nasu maganin na saiwoyi da tsire-tsire da jin bugun jijiya, kuma a wancan zamani maganin sha na Turawa bai fi nasu da wani abin kirki ba. Inda Bature ya yi zarra shi ne wuƙa. Mutumin da yana ta rufe masa ido shekaru, an jawo shi da sanda, ya fita yana ganin hanya da kansa, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Jama'a suka yi ta tururuwa, har mai gadin ƙofa ya riƙa raba 'yan sandunan gora masu lamba domin a bi layi. Parker ya cire manyan ƙari da tsakuwar mafitsara, a 1847 kuma ya fara sa majiyyaci barci kafin a yanka shi. Wani mai zane, Lam Qua, ya zana hotunan masu ƙarin nan, kuma suna nan ajiye har yau. Ɗan ɗan'uwan mai zanen, Kwan Ato, ya koyi aikin a hannun Parker har ya iya tiyatar ido da kansa. Ko Lin Zexu, jami'in Sin da ya lalata ofiyom ɗin Turawa, wato wani kayan maye da suke shigowa da shi, a 1839, ya aiko neman ɗamarar gwaiwa, ko da yake bai taka asibitin da ƙafarsa ba.

John Glasgow Kerr ya gaji aikin a 1855. Asibitin ya ƙone a 1856 lokacin Yaƙin Ofiyom na biyu tsakanin Sin da Turawa, Kerr ya sake buɗe shi a 1859 da sunan Boji. A 1866 aka kafa masa makarantar likita, a 1879 ta karɓi mata. Sun Yat-sen, jagoran juyin juya halin 1911, ya yi karatu a can a 1886.

Babban aikin da ba a cika yabawa ba shi ne na harshe. Benjamin Hobson ya wallafa littafin sassan jikin ɗan'adam da Sinanci a 1851, a lokacin da gaɓoɓi da yawa ba su da sunan da kowa ya yarda da shi. Ƙungiyar likitocin mishan da aka kafa a 1886 ta ɗauki nauyin daidaita kalmomi, har Philip Cousland ya fitar da ƙamus a 1908. Likitoci mata kuwa, irin Mary Fulton da ta kafa kwalejin Hackett a Kanton, su suka kai magani cikin gidajen da namiji ba ya shiga.

Ba duka aka yi maraba da su ba. Sun bazu cikin ƙasar ne ƙarƙashin yarjejeniyoyin da aka tilasta wa Sin da bakin bindiga, kuma Sinawa ba su manta ba. Jita-jitar cewa 'yan mishan na ƙwaƙule idon yara suna haɗa magani tana cikin abin da ya haddasa kisan da aka yi wa 'yan mishan da wasu Turawa a birnin Tianjin a 1870.

A 1906 ƙungiyoyin mishan suka haɗa ƙarfi suka kafa kwalejin likita a Beijing. Gidauniyar Rockefeller ta Amurka ta saye ta a 1915, ta mai da ita cibiyar bincike. A shekarar nan kuma likitoci Sinawa, ciki har da Wu Lien-teh da Yan Fuqing, suka kafa tasu ƙungiyar, wadda ta haɗe da ta mishan a 1932. Gwamnatin Kwaminis ta karɓe asibitocin mishan a farkon shekarun 1950. Asibitin Boji yana aiki har yanzu a Guangzhou, da sunan Sun Yat-sen.